Muryar Malama a Memori

Ranar kasuwar Boɗinga ce Mainasara ya fara ganinta. Sana'arsa cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori, don haka ya saba da 'yan mata masu neman waƙar biki. Wannan kuwa da ta miƙo wayarta, cewa ta yi darasin Turanci take so a kwafa mata.

Atika sunanta, malama ce a wata sakandare a Shagari. Rayuwa ta yi tsada, littafi ya gagari iyaye, data kuma sai mai hali. Shi ya sa take naɗar karatun da muryarta: ta karanta jimla, ta dakata mai sauraro ya maimaita, sannan ta yi bayani da Hausa. So take a zuba a memorin iyayen ɗalibanta.

Mainasara ya toshe kunne wai yana duba ko ya kwafu. Tuni ya kwafu, amma bawan Allah ya zauna yana maimaita Turanci har masu jiran caji suka fara tsaki.

"Malam, ba ka ƙare ba?" ta tambaya.

"Na ƙare, Malama. Hankalina na bai dawo ba tukuna."

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta, amma ya riga ya gani.

Daga nan saƙo ya fara kai da kawo. Ya rubuta mata: "Malamata, yau na ji darasi na biyu har tuwona ya huce." Ta amsa: "Ka ci abinci, Nasarata. Ɗalibi mai yunwa ba ya gane karatu."

So ya kan sa mutum wauta, kuma ya sa shi. Ya ga bai dace murya irin wannan ta tsaya a aji ɗaya ba, sai ya riƙa saka darussan a duk memorin da aka kawo masa, bai tambayi kowa ba. Kafin a ankara, 'yan kabu-kabu, masu shayi, har masu ban ruwan albasa a fadama, kowa maimaita Turanci yake bayan Atika.

Akwai wani Mode, dillalin albasa, wanda Atika ta daɗe da mayar masa da toshinsa. Shi ne ya kunna darasin a majalisar mahaifinta, Malam Sodangi, yana ta sunkuyar da kai kamar abin ya dame shi.

"Muryar ɗiyata ta cikin aljihun kowane ƙato?" in ji tsohon. Nan take ya hana naɗar darasi, ya kuma ce kada mai turin waƙan nan ya kusanci ƙofarsa.

Saƙon Atika ya iso da yamma: "Don yara na ba ka amana, ka raba ni a kasuwa. Kada ka sake kirana."

Mainasara ya karanta, ya san gaskiya ta faɗa. Ya rubuta: "Na yi laifi, Malamata. Zan gyara ko da ba za ki dawo ba." Ya share darussan daga kwamfutarsa, kuma duk memorin da ya dawo hannunsa sai ya roƙi mai shi ya bari a goge. Masu tambayar dalili amsa ɗaya suke samu: "Laifina na, ba na kowa ba."

Jarrabawa ta matso, sabon darasi babu. Wata Juma'a aka aiko wa Mainasara cewa Malam Sodangi yana kiransa. Ya hau mota zuwa Shagari, ya tarar da ƙofar gidan cike da manoma da teloli da iyayen yara. Ya durƙusa can gefe.

"Kai kat tara muna mutanen ga?" tsohon ya tambaye shi.

Wani dattijon tela mai suna Abdullahi ya riga shi. "Allah shi gafarta Malam, wanga yaro goge muna karatu shikai, mu munka kawo ƙara tai. Ɗiyata ba ta iya haɗa layi guda, yanzu ita ka karanta muna takardar asibiti. A maido muna Malama."

Malam Sodangi ya gyara zama. Shi ma malamin Turanci ne tun zamanin Jamhuriya ta Biyu. Ya ce da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, da gawayi ya riƙa rubutu a bango, kuma bai taɓa jin muryarsa ta wuce tagar aji ba. Idanunsa suka kawo ruwa, amma muryar ba ta yi rawa ba.

"Ban janye maganata ba. Muryar budurwa ba ta yawo daga gidana." Ya juyo ga Mainasara. "Amma in ta zan matar aure, izini na hannun mijinta. Na ga ka san kunya, ka san gyaran laifi. Ka turo magabatanka."

Farin ciki ya hana Mainasara tashi, sai da tela ya kama hannunsa. Yana barin wurin wayarsa ta yi ƙara, saƙon Atika ne: "Na ji komai daga zaure. Na yafe, angona. Amma daga yau ni za ka fara tambaya."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Shagari. Jama'a suka cika layi, rabinsu ɗaliban da amarya ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Da ango ya je gaisuwar surukai, Malam Sodangi ya dafa kansa ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai son karatu."

Aka shafa addu'a. Sai tsohon ya laluba aljihu ya fiddo 'yar ƙaramar wayarsa, ya miƙa masa a gaban kowa.

"In matarka ta yarda, ka zuba min tun daga na farko."