Kibod ɗin Hannu Ɗaya

Ina da wata jika 'yar aji shida. A gida Injiniya muke ce mata, domin duk abin da ke da waya a cikinsa sai ta buɗe ta ga hanjinsa.

A makarantarsu akwai ƙungiyar masu haɗa na'urori. Can ta koyi cewa wasu kibod na kwamfuta suna da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, ba ta fi farce ba. Ita ke gaya wa kowane maɓalli harafin da zai rubuta. In ka sauya mata umarni, maɓallan ma sai su sauya aiki.

Yayanta yana da irin wannan kibod. Kwanakin baya ya faɗo daga keke, ya karye a hannun dama. Ga shi yana da babban aikin makaranta a cikin kwamfutar gida, wanda zai tura ranar Asabar kafin yamma. In bai tura ba, makin zangon ya tafi. Da hannun hagu yake lallaɓawa, yana rubutu yana tsaki.

Ranar Asabar da safe babansu ya kai shi asibiti a duba hannun. Suna fita, Injiniya ta jawo ni ɗakinsa. Tana rungume da ƙaramar kwamfutar da Malamarsu ta ba ta aro.

"Kaka, zo ki ga abin mamaki! Zan mayar da kibod ɗin Yaya na hannu ɗaya!"

"Ya sani?"

"In ya sani ai babu daɗi. Ba-zata zan yi masa."

"Ni dai ba na son ba-zata," na ce. "Amma ke ce injiniya."

Ta jona kibod ɗin da kwamfutar aro. Ta kwaso haruffa duka, ta cunkushe su a ɓangaren hagu. Ta tura sabon umarni, wata 'yar fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf.

"Ya shiga! Kaka, ya shiga!"

Ta ɓoye hannun dama a bayanta, ta yi rubutu da hagu. Na matso na karanta a hankali: Kaka sarauniyar mita. Na ja mata kunne, tana ta dariya. Gaskiya ni ma abin ya burge ni.

Da Yaya ya dawo, ya zauna zai buɗe kwamfutarsa. Ya danna lambar sirri, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

Injiniya ta faɗo daga bayan ƙofa. "Yaya, albishirinka! Na gyara maka shi!"

"Kin gyara me? Ya ce miki ba shi da lafiya?"

Ta shiga yi masa bayani, baki har kunne. Ya katse ta.

"Lambobi fa? Ina kika sa su?"

Ta dubi kibod, ta dube shi. Ashe garin cunkusa haruffa ta share lambobin gaba ɗaya. Ba tare da su ba kuwa, kwamfutar ba za ta buɗe ba.

"To mayar mini da shi yadda yake. Yanzu!"

Ta duba kwamfutar aro, ba ta ga tsohon umarnin ba.

Mamarsu ta aike ta gidan maƙwabci aron wani kibod. Ta tarar da ƙofa a kulle. Ta dawo ido ya cika da hawaye. Sai Mama ta kira Malama a waya, ta miƙa mata.

"Kin ajiye kwafin tsohon umarnin kafin ki goge?" in ji Malama.

"A'a, Malama."

"Kin tambayi mai kayan?"

"A'a, Malama."

"To kuka ba zai dawo da shi ba. Ki sake rubuta shi, maɓalli bayan maɓalli. Kin iya. Amma wannan karon ki zauna tare da shi."

Injiniya ta share ido, ta je gaban yayanta.

"Yaya, ka yi haƙuri. Na yi laifi."

"Zauna mu fara," ya ce. "Faɗa sai an jima."

Aka raba aiki. Ni na sa tabarau, ina kiran abin da ke rubuce a kan kowane maɓalli. Ita tana shigarwa. Shi yana dubawa.

"Kaka, kin tsallake ɗaya!"

"Ban tsallake ba, shi ya ɓuya. Wa ya ce a yi su ƙanana haka?"

Har Yaya sai da ya yi dariya.

Ta tura, fitila ta ƙyafta. Yaya ya danna lambar sirri. Kwamfuta ta buɗe! Muka yi ihu, har Mama ta shigo a guje da ludayi a hannu.

Amma rana ta yi nisa, ga sauran rubutu da yawa. Injiniya ta tsaya tana kallon hannun yayanta. Can ta ce, "Yaya, wai me ya fi ba ka wahala?"

"Ba haruffa ba ne, na san wurarensu. Danna maɓalli biyu a tare ne. Yatsuna ba sa kaiwa."

"Shi ke nan? Zan iya sa na farkon ya riƙe kansa har ka danna na biyu. In yi?"

Ya ɗan harare ta. "Ajiye kwafi tukuna."

Ta ajiye. Gyaran kuwa ɗan ƙarami ne, kafin in gyara zama ta gama. Yaya ya gwada. Sai ga hannun hagu yana gudu a kan kibod, ƙwas-ƙwas-ƙwas, babu tsaki ko ɗaya.

Rana ba ta faɗi ba ya tura aikin. Ya juyo da kujera ya ce, "Injiniya, wannan kam kin yi aiki!" Ta riƙa tsalle tana zagaye ɗaki, har ta kusa ture ni.

To yara, ku ji ni da kyau. Kada ku taɓa kayan wani sai da izininsa, ko da alheri kuke nufi. In za ku sauya abu, ku adana na da. In kuma kuna son taimakon mutum, ku fara tambayarsa abin da ke damunsa. Shi ya fi ku sani.