Sunan da Ba a Kira a Gidan Inna Kulu

"Yaro ya zo ke nan. Ke ta za ki koma."

Inna Kulu ta faɗi haka tana tsinkar zogale a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Altine na durƙushe a gefen tabarma. Maganar ta shiga kunnenta, amma sai da ta jima kafin ta isa zuciyarta...

"Ya isa yaye," in ji tsohuwar. "Ni ka yaye shi, ni ka riƙe shi. Jinin gidanga na. Ko kina da magana?"

Daidai nan Sodangi ya taho da gudunsa na tangal-tangal, hannu duk taɓo, ya faɗa jikin uwarsa yana laluben ƙirjinta.

Ta ture shi.

Ba don ba ta so ba, Allah ya sani! Ɗan fari ne, ga shi kuma a gaban suruka. Mace mai kunya ba ta rungumar ɗanta na fari a bainar jama'a, ba ta kiran sunansa, ba ta ma yarda a ce nata ne. In an ce za a ɗauke shi, sai ta ce to. Inna Kulu ta san haka sarai, shi ya sa ta yi tambayar a tsakar gida, a gaban matan gidan duka.

"Babu, Inna," Altine ta ce a hankali. "Naku na."

Atika, 'yar ƙanin Inna Kulu da ke zaune a gidan, ta danne murmushi ta ci gaba da dakanta.

Alhali ba wannan ya kawo Altine Shagari ba. Ziyara ta zo.

Mijinta Haliru, babban ɗan Inna Kulu, sanƙarau ya ɗauke shi tana da ciki. Ta haihu a gidan mahaifinta, wani maɗinki a Bodinga, ranar suna aka mayar wa jariri sunan marigayin. Sai sunan ya gagari mata biyu. Altine ba ta iya faɗarsa, don sunan miji ne kuma na ɗan fari. Inna Kulu ma haka, har ɗanta ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Aka laƙaba wa yaro Sodangi, kowa ya huta.

Ban da Altine. In ta saki labulen ɗaki tana ba shi nono, takan sa baki a kunnensa ta raɗa masa sunansa na yanka, shi kuma ya saki nonon ya ce, "Am!" Wai na'am ke nan. Wannan sirrinsu ne su biyu.

Sai kuma Mode, ƙanin marigayin, malami a makarantar elementare ta En'e a nan Bodinga. Kullum aka tashi makaranta sai ga kekensa a ƙofar gida, wai ya zo ganin ɗan yayansa. Ɗan yaya kam ya sha gani! Yaron da ko haƙora bai gama ba, shi ake kawo wa turare da lalle? Mahaifin Altine ya ga komai, ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Da aka ba da hutun damina, Mode ya ce ya kamata a kai yaro ya ga dangi. Suka bi ayarin masu zuwa kasuwar Shagari, ita bisa jaki da goyo, shi yana tura keke a gefenta.

Wannan tafiya Altine ba za ta manta da ita ba. An yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙamshi, gero ya yi kore shar dama da hagu har inda ido ya tsaya. Balbelu suna bin shanu, duk wadda ta tashi sai Sodangi ya miƙa hannu daga bayanta yana ƙyalƙyala dariya. Ji take kamar a ce hanyar ba ta da ƙarshe.

"Malam, ka hau kekenka mana. Ka gaji."

"In na hau zan riga ki isa. Mi zan yi a Shagari ba ki iso ba?"

"Kai dai ba ka rasa ta cewa!"

"In mun isa zan yi ma Inna magana, Altine."

"Maganar mi?"

"Wadda kin sani, kina dai son ki ji ta da kunnenki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma idanunta sun riga sun ba shi amsa.

Farkon zuwan daɗi ne zalla. Gwaggonni suka zo daga Mandera ganin yaro, wannan ta ce kunnen ubansa ne, waccan ta ce goshin kakansa. Fulanin Horo Birni suna kawo kindirmo da safe, Sodangi ya sha ya shafe fuska, ya bi 'yan tsaki har ƙarƙashin rumbu. Mode kuwa, ko buta zai ɗauka sai ya bi ta ƙofar ɗakin baƙi.

Atika ce ta fara lura. Ita aka daɗe ana yi wa tanadin Mode a gidan, kuma son sa take tun tana talla. Wata rana tana yi wa Inna Kulu kitso ta sunkuyo.

"Gwaggo, farar ƙafa gare ta hwa. Ta shigo gidanga, Yaya ya tahi. Yanzu ta hangi na biyu. Da yaron take janyo shi. Ki karɓe yaron ki gani."

Tsohuwa ta gyara zama aka ci gaba da kitso. Amma uwar da ta binne ɗa ɗaya ba a sha wahalar tsorata ta. Washegari ne ta zaunar da Altine a gefen tabarma.

Tun daga ranar aka mai da Sodangi ɗakin kakarsa. Aka karɓo masa rubutun yaye wurin liman, aka dama kunu. Da magariba sai kukansa ya ratso zana, ƙirjin Altine ya cika ya yi tauri, rigarta ta jiƙe. Ta cusa gefen zane a baki don kada a ji nata kukan. In an fito tsakar gida kuma ta wuce shi kamar ba ta san shi ba, mata suna yaba ta: "Kai, yarinyar nan akwai kunya!"

Ranar da ayari zai koma Bodinga, ta ɗaure ƙunshinta tun yaro na barci. Mutanen gida sun tafi gona, an bar shi hannun Atika. Mode ya rako ta har gindin tsamiyar bakin gari, inda ake ɗora wa jakuna kaya. Gabas ta fara haɗa hadari.

"Na yi mata magana," ya ce.

"Mi tac ce?"

Ya kau da kai wajen jakuna.

"Hwaɗa min, Malam."

"Ta ce... kin ci ɗaya, ba ki cin na biyu."

Altine ta runtse ido.

"Ba ke kika kashe Yaya ba! Kwanansa na ya ƙare. Sanyin idona, dube ni. In na koma Bodinga zan sami Babanki, a ɗaura ko Inna ta so ko ba ta so ba."

"A'a."

"Altine!"

"In ka saɓa mata saboda ni, ƙafata ba ta sake taka gidanku. Yaron kuma shina can. In na haƙura da kai, ko da salla a bar ni in hango shi."

"To ni hwa? Ni ba a hango ni?"

Hawayen da ta kwana tana dannewa suka ɓalle.

"Ina son ka, Mode. Wallahi ina son ka! Amma kar ka sa in zaɓa, ka san wanda zan ɗauka..."

Karo na farko ke nan da ta kira shi da sunansa. Bai gama jin daɗin abin ba suka jiyo salati daga cikin gari, da muryoyin mata suna kira.

"Sodangi! Sodangi!"

Ƙunshin ya faɗi daga kanta. Ba ta san ta iya gudu haka ba.

Abin da ya faru ba wani mai tsawo ba ne. Atika ta shiga ɗaki sa kwalli, don ta san Mode zai dawo gida shi kaɗai. Yaro ya farka bai ga kowa ba, ya bi ta ɓular danga ya faɗa gonar geron bayan gida. Gero ya fi tsayin mutum, iska ta taso tana kaɗa shi, a ƙarshen gonar kuma akwai kududdufin da ruwan bana ya cika taf.

Maza sun bazu cikin gero suna kira. Atika na zaune a ƙasa tana rusa kuka, kwallin ya zubo mata har haɓa. Inna Kulu na tsaye bakin danga, ɗankwali ya zame. Shiru, ba amsa. Yaro ne mai ƙiwa, in ya ji baƙuwar murya sai ya laɓe ya yi tsit.

Altine ta iso tana haki. Ga surukarta, ga ƙannen mijinta, ga dattawan unguwa har da liman. Ta buɗe baki, kunya ta hana ta kira. Aka yi tsawa, ɗigon farko ya faɗo mata a goshi.

Ta dubi gefen kududdufi.

"Haliru!"

Gonar ta yi tsit. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Matar ɗa ta kira sunan miji, a gaban uwar miji!

"Haliru! Ɗana! Haliruna, ina kake?"

Iska ta ɗan lafa. Can daga ƙasan gona, siririyar murya ta taso.

"Am!"

Mode ya keta gero kamar an harba shi, Altine na biye, ganye na yankar mata fuska. Suka same shi zaune daf da bakin ruwa, ƙafafu cikin laka, ya damƙe wani ɗan kwaɗo a hannu yana yi masa gwaranci. Mode ya sure shi. Ita kuma ta fizge shi daga hannun Mode ta ƙanƙame, tana sumbatar kansa da wuyansa da lakar duka.

Haka ta fito da shi gaban jama'a, a rungume, ruwa na zuba a kansu. Ba ta sauke shi ba. Ta durƙusa gaban Inna Kulu cikin taɓo.

"Inna, na yi rashin kunya, ki gafarce ni. Amma ƙarya niy yi da nic ce ba ni da magana. Nawa na. Ba ni iya tafiya in bar shi."

Kowa ya jira tsohuwa ta yi faɗa. Ita kuwa ba Altine take kallo ba, yaron take kallo.

"Ya amsa..." ta ce, muryarta ta dushe. "Kin kira, ya amsa."

Ta zauna a kan turmin da aka kife a bakin danga.

"Ranar da ciwo ya kai nawa ƙasa, ina bakin ƙofa. Shina cewa Inna, Inna. Mutane cike da ɗaki. Na so in kira shi ko sau ɗaya, ya san na ji... Kunya ta hana ni. Anka ce min jaruma."

Ba wanda ya taɓa ganin hawayen Inna Kulu, ko ranar jana'iza. Ranar nan an gani, ruwan sama ma bai ɓoye su ba.

Ta share fuska da bakin zane, ta juya ta harari Mode, don dai kada a ce ta yi laushi da yawa.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona kamar rago! Yaro dai ba ya barin zuri'ar gidanga, na hwaɗa kuma ban janye ba. In uwarsa ba ta iya rabuwa da shi, sai ka san yadda za ka yi da ita. Ka gaya ma baffanninka su shirya goro su tai Bodinga."

"Inna!" Mode ya zube a gabanta.

"Tashi, kar ka ɓata min wandon gwamnati."

Dariya ta ɓarke har da masu hawaye. Atika ta tashi sum-sum ta shige gida. Kafin kaka ta yi, ita ma wani ɗan baffanta daga Dingyaɗi ya fito, kuma an ce ta fi kowa rawa a bikin Altine, ko da yake ban rantse a kan abin da ke zuciyarta ba.

An ɗaura auren bayan an yi girbi. Amma in ka tambayi Altine ranar da ta fi tsaya mata a rai, ba ranar ɗaurin aure za ta ce ba. Yammacin ranar gero za ta ce, bayan ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo ta zuba ja a kan rumbuna. Tana zaune a ƙofar ɗakin baƙi tana shanya kayan ƙunshinta, Mode na jingine da danga wai yana gyara sarƙar keken da ba abin da ya same ta.

"Sake hwaɗa," ya raɗa mata.

"Mi?"

"Sunana. Kamar ɗazu gindin tsamiya."

"Malam, ka kiyaye ni!"

Sai ta ga ya ɗora yatsa a baki yana nuna mata ɗakin Inna.

Tsohuwa na zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ɗauka ba mai ganinta. Yaro na can yana bin 'yan tsaki. Ta motsa baki sau ɗaya, abin bai fito ba. Ta sake gwadawa, a hankali, kamar mai taɓa tukunyar zafi.

"Haliru..."

Ya tsaya cak. Ya waiwayo.

"Am!"

Ya taho da gudunsa na tangal-tangal, ita kuma ta ajiye ƙwaryar ta buɗe hannu biyu.