Kwaɗo a Ƙofar Caji Ofis

Ranar da Auta ta fara ganin Kofur, da masifa ta tarbe shi. Shagon ɗinkinta yana kallon caji ofis ɗin garin, kuma tun safe wata tsohuwa da aka sace wa tumaki take zaune a bencinta tana share hawaye, ga ƙaton kwaɗo a ƙofar ofis. Sai bayan la'asar ya iso yana tura babur, laka har gwiwa, hannun rigarsa a yage.

"Kai ne hukumar?" in ji ta. "Sauran fa, barci suke yi?"

"Babu saura, ranki ya daɗe. Ni ne a kanta, ni ne a sintiri, ni ne mai shara. In na fita, kwaɗo ke karɓa ta."

Gari guda da ƙauyukansa, a ce mutum ɗaya.

"Kawo rigar in ɗinke," ta ce. "Kana zubar wa gwamnati mutunci."

Tun daga nan, duk wanda ya tarar da kwaɗo sai ya tsallako shagonta. Ƙafarta na kan keke, kunnenta na wurin mai ƙara, in Kofur ya dawo ta zayyana masa komai. Shi ya sa mata suna Sufeto.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Sufetona, zan tsallaka rafi, can babu sabis. In kin ji shiru ba fushi ba ne. Ki ajiye min murmushin nan."

Ta mayar masa: "Kofur ɗina, mutum uku na jiranka, ni ce ta huɗu. An sace min zuciya, kuma na san ɓarawon."

Da magana ta yi nisa, Baba, mahaifin Auta, ya sa masa ranar zuwa gaisuwa. Ya tara ƙannensa, aka shimfiɗa tabarma, aka yi ta jira. Kofur yana can bayan rafi yana raba wasu manoma da suka zare wa juna adda a kan iyakar gona. Baba ya naɗe tabarmarsa da kansa.

"Wanda bai zo neman aure ba, ranar da kike naƙuda zai zo?"

Cikin makon sai ga Sajan, ɗan aminin Baba, ya zo neman Auta, takalmi na ƙyalli. A birni yake, gidan wani attajiri suke gadi, su tara.

"Ku tara me kuke tsaro?" Auta ta tambaye shi.

"Wasu a get, wasu a mota. Ni nake riƙe wa uwargida jaka in za ta unguwa."

"Jaka. Mu nan an kwashe wa tsohuwa tumaki ta rasa wanda za ta gaya wa, kai kana can da bindiga kana gadin hoda da turare. Allah ya ba da lada."

Baba ya yanke hukunci: ko Kofur ya nemi a mai da shi birni, ko a ba Sajan ita. Kofur ya je hedikwata ya dawo jiki a sanyaye.

"Sun ce za su ɗauke ni, amma ba su da wanda za su turo. In na tafi, kwaɗon nan ya zauna ke nan. Ba zan iya ba, Sufeto."

"Ka zaɓi ofis ka bar ni ke nan."

Ta juya ta taka keke da ƙarfi har allura ta karye. Haushinsa take ji, amma haushin waɗanda suka raba 'yan sanda kamar masu rabon gadon zalunci ya fi ci mata rai.

Washegari Baba ya zo da kansa don ya ce wa Kofur ya fita harkar 'yarsa. Kwaɗo ya tarar. Dole ya zauna a bencin Auta, tsakanin wata mata mai kumburarren ido da wani manomi da aka ɗauke wa injin ban-ruwa. Yana ji suna gaya wa 'yarsa damuwarsu, tana cewa su yi haƙuri, yana nan tafe.

Rana ta yi sanyi kafin Kofur ya iso. Ko ruwa bai sha ba ya buɗe ofis, ya saurari kowa bi da bi. Baba ne na ƙarshe. Kofur ya cire hula ya durƙusa.

"Baba, lafiya?"

Baba ya daɗe yana kallon kujeru uku na ofis ɗin da babu kowa a kansu.

"Ƙara na kawo. Ƙarar waɗanda suka bar ka kai kaɗai. Amma na ga ba ka da inda za ka kai ta." Ya miƙe. "Ka turo manyanka. Kai ka zauna, ba na son a rufe wurin nan saboda ni."

A ƙofar caji ofis aka ɗaura auren, don kada ango ya sa kwaɗo. Hedikwata ta aiko da gaisuwa, ba ta aiko da mutum ba. Tsohuwa mai tumaki ce ta riƙe hannun amarya tana cewa, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo masa abokin aiki."

Amin biyu aka amsa, na biyun ya fi ƙarfi.