Babi Na Ɗari Da Sha Uku

Wanda ya fara rubuta "ɓata lokaci ne kawai" a ƙarƙashin littafin nan ya san kansa, kuma wallahi bai karanta ba! Shafi biyu ya leƙa yana jiran mota, ya ga sunayen taurari sun yi masa yawa, ya dangwala yatsa ya yi gaba abinsa. Bai san kalmominsa huɗu sun shiga wani gida sun sami kujera a falo ba, har suka jawo wa wata baiwar Allah kukan wata biyar.

Ranar wata Asabar ce da hantsi. Auta na guga a bakin ƙofar falo, Baba na kan kujerarsa da tabarau a karan hanci, sai ga Yaya ya faɗo yana dariya tun daga waje, waya a hannu.

"Baba, zo ka ji abin da duniya ke cewa a kan surukinka Ɗan Sama Jannati!"

Wanda yake nufi wani mai gyaran rediyo ne a layin bayan kasuwa, shekararsa biyu yana neman Auta. Yaro ne mai hankali, ba ruwansa da rigima. Aibinsa ɗaya a wurin mutanen gidan: littafi yake rubutawa, kuma ba irin wanda ake cinyewa a zama biyu ba. Labarin wani ayarin jirage ne da suka bar duniya suna neman wurin sauka a tsakanin taurari, ga sarakuna, ga yaƙe-yaƙe, ga wata kyaftin da mijinta ya tafi leƙen hanya a ƙaramin jirgi bai dawo ba. Da biro yake rubutawa a littattafan 'yan makaranta. Duk Talata ya kai wa Auta shagon da take aikin buga takardu ta buga masa, ranar Juma'a ya saki babi ɗaya a zauren masu karatu na waya. A lokacin an kai babi na ɗari da goma, jirage ba su sauka ba.

Yaya ya gyara murya. "'Ɓata lokaci ne kawai.' Ɗaya ke nan. Ga wata: 'Don Allah marubuci, mutum nawa ne a jirgin nan? Na sayi littafi ina rubuta sunayensu, shi ma ya cika.' Ga wani kuma: 'Shafi tara kana mana bayanin inji, ce maka aka yi mu makanikai ne?'"

Auta ta dangwarar da dutsen guga. "Yaya, ka karanta na ƙasa mana! Akwai wadda ta ce ta yini tana kuka ranar da mutum-mutumin nan ya mutu, akwai direban da ya ce—"

"Mutum-mutumi! Baba ka ji ko? Ƙarfe ake yi wa kuka!"

Baba ya cire tabarau ya ninke a hankali. Shekara talatin ya yi yana hedimasta, in ya ninke tabarau kowa ya san hukunci ne zai fito.

"Ni ban ƙi yaron nan ba. Amma yara dubu nawa suka wuce ta hannuna, na san irinsa: gwanin farawa, rufewa ce ba ya iyawa. Ga shi masu karatunsa ma sun shaida. Ki gaya masa ya kammala littafinsa. Ranar da ya rubuta 'ƙarshe', ya turo manyansa. Kafin nan kada in ƙara jin maganar."

Ranar Talata da ƙarfe goma mai gyaran rediyon, wanda Auta ke kira Injiniya, ya shigo shagon kamar kullum, da warin dalma a rigarsa da sabon littafi a hammata. Firinta na ta cin takarda tana tofarwa, fanka na juyi kamar an tilasta mata. Auta ta faɗa masa saƙon Baba, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Injiniya, saura babi nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Labari ba ya son a kora shi, Auta. Akwai yaƙin da ban gama shiryawa ba, ga maganar ruwan jirgi..."

Ta buɗe baki za ta ce, to ni fa? Sai ta ga yadda idonsa ke ƙyalli yana zana mata jirage da yatsa a kan tebur, ta haɗiye maganar ta ce, "Allah ya taimaka." Haka ta yi Talata ta biyu. Haka ta yi ta uku.

A Talata ta ukun ne ya kawo babi na ɗari da sha uku. A cikinsa kyaftin ta gaji da jira, ta ƙona wasiƙar ƙarshe da mijinta ya bar mata, ta ba ayari umarnin a ƙara gaba. Auta na bugawa hawaye na ɗiga a kan kibod. Washegari kuma aikin farko da aka kawo mata katin auren wata ƙawarta ne, na uku da ta buga a watan. Tana gamawa ta ɗauki waya, ta shiga zauren da sabon suna, Wadda Ta Gaji, ta zazzage cikinta:

"Marubucin nan matsoraci ne! Ba labari ne ya yi tsawo ba, shi ne ke tsoron ƙarshe. Ya sa kyaftin ta ƙona wasiƙar mijinta don kawai ya sami hanyar ƙara babi hamsin. Mace na ta jira, shi yana can yana ƙirga taurari!"

Ta tura, ta ji sanyi a ƙirjinta na minti biyar. Sai amsoshi suka fara zubowa. "Wace wasiƙa?" "Yaushe aka ƙona, ni ban gani ba?" "Kai, an ɓata mana labari!" Sai a nan ta tuna. Yau Laraba. Babin sai jibi zai fita. Ita da ke bugawa kullum tana gaban kowa da kwana uku, har ta saba, ta manta sauran duniya ba su iso wurin ba. Ta goge da sauri, amma ina! An riga an ɗauki hotonsa ana ta yawo da shi.

Ranar Alhamis ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Mutum biyu ne a duniyar nan suka san an ƙona wasiƙar."

"Injiniya, tsaya ka ji—"

"Na karanta zagin mutum ɗari ban ji komai ba, don ba su san ni ba. Ke kin san ni. Duk Talata ina zaune a kujerar nan, bakinki bai iya faɗa min ba, sai da kika sa wani suna kika tara min jama'a?"

Ya buɗe durowar da take ajiye masa littattafansa, ya kwashe duka talatin da ɗaya, ya rungume su kamar mai ɗauke da jariri, ya fita.

Juma'a ta zo, babu babi. Wata Juma'ar ma haka. Ta tura masa ban haƙuri mai tsawo, ya amsa da kalma biyu: "Na ji." Daga nan shiru.

Abin haushi, waɗanda suka yi ta zagi su ne suka fara magiya. Mai ƙorafin shafi tara ya rubuta, "Marubuci, ko bayanin injin ne a dawo mana da shi." Mai littafin sunaye ta ce ta sayi na biyu tana jira. Auta kan zauna lokacin hutun rana tana karanta su ɗaya bayan ɗaya, abincinta na hucewa a gefe. Duk Talata da ƙarfe goma, ƙofar shagon na motsi sai ta ɗago kai, ta ga mai neman a buga masa takardar neman aiki. In an tashi takan bi doguwar hanya ta layin bayan kasuwa, ta rage tafiya daidai inda rediyoyi ke shuu, ta hango ƙeyarsa ya sunkuya a kan tebur, ta wuce. Kujerar da yake zama ta hana kowa ɗora kaya a kai.

Yaya ya ga dama ta samu, ya fara kawo wani abokinsa mai sayar da motoci yana zaunar da shi a falo. Auta ta kawo musu ruwa, ta gaishe su, ta koma ciki. Da ya matsa mata ta ce, "Yaya, ba zan yi rigima da kai ba. Ni na ɓata, ni zan jira."

"Ki jira wa? Wanda ko jirginsa bai iya saukarwa ba?"

Ana haka zobe ya fara yi mata yawa a yatsa, Umma na kallo tana share ido da gefen mayafi.

A wata na huɗu Baba ya kira ta. Ya dube ta ya ce, "Littafin nan yana cikin na'urarku? Buga min shi. Ina so in ga abin da ke cinye min 'ya."

A kwali ta kawo shi, shafi ɗari tara da 'yan kai. Baba ya ɗauko jan biro ya zauna. Kwanakin farko tsaki kawai ake ji da ƙarar biro. A mako na biyu tsakin ya ragu. Rannan ana cin abincin rana ya ɗago kai ya ce, "Auta, mutumin nan mai kula da ruwan jirgi, amintacce ne kuwa? Ni ban yarda da shi ba." Yaya ya ƙware. A mako na uku shayinsa ya huce sau biyu bai sani ba. Sai wata la'asar ya ƙwala mata kira, takardar ƙarshe a hannunsa.

"Ta ƙona wasiƙar! Ina sauran?"

"Babu, Baba."

"Kamar yaya babu?"

Ta durƙusa ta faɗa masa komai, da sabon sunan, da Larabar, da littattafai talatin da ɗaya, tana yi tana kuka. Baba ya juya wurin Yaya. "Kai da ka iya ɗauko magana a waya, tashi ka ɗauko min mai maganar. Da ƙafarka."

Mai gyaran rediyo ya zo ya zauna a ƙasa, ya rame shi ma. Baba ya tura masa kwalin, kowane shafi ja kamar an yanka kaza a kai.

"Littafinka ya yi tsawo. Sarakuna goma sha huɗu, biyar sun isa. Daga babi na arba'in zuwa na hamsin a zubar. Waƙafi kuwa kamar kana gaba da shi." Ya numfasa. "Amma mutumin da ya riƙe rayuka sittin a kansa shekara uku, bai manta wa ke ɗingishi, wa ya bar uwa a baya ba, ba shi ne zai kasa riƙe gida ba. Shekara talatin ban taɓa ba yaro maki ban duba takardarsa ba, sai a kanka. Da bakin mutanen da ban sani ba na yanke maka hukunci. Na janye sharaɗin."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Baba, abin da ta rubuta gaskiya ne, shi ya sa ya yi min ciwo. Tsoro nake ji. In na gama aka ce bai yi kyau ba, na rasa littafi, kuma na zo gabanka ba ni da komai. Wata biyar ina ɗaukar biro ina ajiyewa."

Daga bayan labule Auta ta ce, "Da na faɗa maka a fuskarka fa, Injiniya?"

"Da fushin kwana biyu zan yi."

"To ka yafe min."

"Tun ranar da na hango ki kina rage tafiya a layinmu na yafe. Kunyar fitowa ce ta hana ni."

"Kun ga, ku ƙarasa wannan a waje," in ji Baba yana mayar da tabarau. "Kai, matso nan. Mijin kyaftin ɗin nan, yana raye ko ya mutu?"

Saurayin ya ɗago, karon farko ya yi murmushi. "Baba, sai Juma'a."

"Ji min ɗan banza!"

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Yau littafin na babi na ɗari da sittin, sarakuna sun koma shida, jirage dai ba su sauka ba. In babi ya yi tsawo, Auta kan ajiye shi a gabansa ta ce, "Wannan bai yi ba," su yi musu har ruwan shayi ya tafasa, ya tashi ya gyara.

Haƙurinta ya biya ta, amma dubi abin da ya ci kafin ya biya. Uba ya auna mutum da ra'ayin waɗanda ba su karanta shi ba, 'ya ta kai wa taro maganar da ta kamata ta faɗa wa mutum ɗaya. Magana mai ɗaci in ta masoyi ce, a fuska ake faɗarta. Wanda kuma ba ka duba aikinsa ba, ka riƙe bakinka a kansa. Kai mai karatu, sau nawa ka yanke wa bawan Allah hukunci da shafi biyu, ka yi gaba abinka ba ka san gidan da ka girgiza ba? In ba ka taɓa yi ba, fito ka ce ƙarya nake!