Abin da Na Ara wa Aljanar Kududdufi

A 1978 na fara rubuta wa rediyo wasan soyayya a kan aljanar da tsofaffin masu haƙar kuza ke cewa tana kududdufin bayan Dutse Uku. Ba wanda ya san kamanninta, sai na riƙa ara mata na matata Balaraba. Na ba ta dariyarta, Balaraba ta daina dariya. Na ba ta muryarta, Balaraba ta wayi gari bebiya. Asibiti da malamai duk suka gaza.

Ranar da ta kasa tashi, na kwashi takardun wasan bayan sallar asuba na nufi kududdufin. Don sanyi, bakina sai tururi yake.

Wata mata na tsugune a bakin ruwan, gashinta na ɗiga.

"Malam, ka yi sammako," ta ce, da muryar da na yi wata uku ina roƙon Allah in sake ji. Bakinta ba ya tururi.

"Don Allah ki mayar mata," na ce, na watsa takardun a ruwa.

Ta yi dariyar Balaraba. "Na gode. Dama shafin ƙarshe nake jira."

Sai na ga tururin numfashi ya fara fita daga bakinta.