Gorar Ruwana

"Ciwon sumba ne! Ga shi nan a waya, karanta da idonki!"

Yayar Dogo ce tsaye a kaina, ta kusa cusa min wayar a hanci. Ina kwance, wuyana ya kumbura, ko yawu na haɗiya sai na ji kamar na haɗiyi ƙusa. Bayanta kuma 'yar ƙanwar babarsu ce, wadda nake kira Likitar Waya, don wata biyu kacal ta yi tana aiki a kemis amma kowa ya yi tari sai ta faɗi sunan cutarsa. Tun ranar da Dogo ya sa min zobe take kallona kamar na ƙwace mata kujera.

"Ni fa ba sharri nake miki ba," in ji Likitar Waya, tana wani lanƙwasa murya. "Ta yawu ake ɗauka. Kuma Yaya Dogo lafiyarsa ƙalau, ko atishawa bai yi ba. To daga ina?"

Umma ta shigo da kofin ruwan ɗumi, ta tsaya cak.

"A ɗakina kuke faɗa wa 'yata wannan maganar? Yarinyar da har ta girma sai na tafasa cokalinta kafin ta ci abinci?"

"Umma, ai ba a tafasa mutum," in ji Yayar Dogo.

Ban kula su ba, Dogo nake kallo. Yana bakin ƙofa, yana juya makullin motarsa a yatsa. Shi ya fi kowa sanin ko hannuna ya riƙe sai na zare. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa...

"Mai Furena," ya ce a hankali, "mu je asibiti tare a gwada ni, kowa ya huta."

Kowa ya huta! Wallahi da ina da murya da unguwa ta ji mu.

A lambun sayar da furanni nake aiki, shi kuma shi ke kawo mana tukwane da buhunan ƙasa a motarsa. Can muka haɗu. Kullum in ya gama sauke kaya, gumi sharkaf, sai ya wuce kai tsaye gindin teburina, ya ɗauki shuɗiyar gorar ruwana ya kafa kai.

"Ba ka da taka ne?"

"Taki ta fi sanyi, rabin raina."

In ya tafi in shanye sauran ina murmushi kamar wata sakarya.

Tun a ɗakin nan gorar ta faɗo min a rai. Da na ambace ta, da maganar ta mutu a wurin. Amma na kame bakina. Bakinsa ne ya sha ruwan, ba bakina kaɗai ba. Ina so ya tuna da kansa, ko kuma ya tsaya min ko bai tuna komai ba.

Aka ɗebi jininsa. Ranar da muka koma, Yaya da Likitar Waya suka biyo mu har cikin ofis, kamar masu zuwa kallon shari'a.

Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Duk ku ne marasa lafiyar?"

"'Yan uwa ne," in ji Dogo.

"To ku saurara da kyau, ba na son maimaici. Kai, jininka ya nuna ka taɓa ɗaukar wannan ƙwayar cutar tuntuni, wataƙila kana ƙarami. Yawancin mutane haka ne, ɗan zazzaɓi ne ya zo ya wuce, ba wanda ya lura. Amma jiki ba ya mantawa. A cikin sojojin garkuwar jiki akwai waɗanda aikinsu kenan, su riƙe kamannin cutar da suka taɓa yaƙa. Ita kuma wannan ba ta barin jiki, ɓuya take yi. Duk sanda ta motsa sai su gane ta, su danne ta kafin ka ji komai. Shi ya sa kake tsaye ƙalau. Amma lokaci-lokaci tana fitowa a yawunka, kai ba ka sani ba."

"Ita fa?" in ji Yaya.

"Ita jikinta bai taɓa haɗuwa da ita ba sai yanzu, babu mai tuna masa. In an haɗu da ita da girma, faɗan ya fi zafi. Kofi ma ya isa, ko cokali."

Likitar Waya ta buɗe baki. "Amma a waya an ce..."

"Ke ma da zan gwada ki, da wuya idan ban same ta a jikinki ba. Wa kika sumbata?"

Har dariya ta kusa kuɓuce min duk da ciwon maƙogwaro.

Na juya wajen Dogo, zuciyata ta fara sanyi. Na ce yanzu zai dafe kai ya ce gorar nan ce. Yanzu zai ce ki yafe min.

Sai ya gyara zama.

"Likita... to akwai gwajin da zai nuna takamaimai daga wurin wa ta ɗauka?"

Likitar ta cire tabaranta ta daɗe tana kallonsa.

"Babu. Wannan ba a jini ake duba shi ba, ɗana."

Na miƙe a hankali, don an gargaɗe ni saifata ta kumbura, kar in yi gaggawa. Na zare zoben na ajiye a kan gwiwarsa.

"Haba masoyiyata! Tambaya kawai na yi!"

"Na ji ta."

"Don in rufe bakin mutane ne!"

"Likita ta riga ta rufe musu. Naka ne ya rage a buɗe."

Na daɗe ina jinya. Gajiyar ciwon nan ba ta da kunya, sai in yi wanka in koma in kwanta kamar na yi dako. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, har Umma ta gaji da rarrashi ta koma faɗa.

"Duk tafashe-tafashen da na yi, ashe ni na ja miki!"

"Umma, ai kin yi ƙoƙari. Shi ne ba ki tafasa ba."

Da na koma aiki an hana ni ɗaga tukwane, sai ban ruwa da yankan reshe. Wata rana da hantsi na ji ƙarar motar da na sani. Ya sauke buhunan ƙasa shi kaɗai, ya rame, ya zo ya tsaya gaban teburina yana goge gumi.

"Mai Furena, ban iya barci. Yaya ma ta ce a ba ki haƙuri."

Ban ɗago ba, na ci gaba da yanke busassun ganye.

Yana magana, hannunsa ya tafi da kansa gindin teburin, kamar kullum. Yatsunsa na taɓa shuɗiyar gorar ya daskare. Ya kalle ta. Ya kalle ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Innalillahi... gorar nan ce. Ni ne!"

"Wataƙila. Likita ta ce ba a iya sani."

"Ni ne mana! Kullum sai na sha! Me ya sa ba ki faɗa ba tun ranar?"

"Kai me ya sa sai da ka samu hujja?"

"Yanzu na yarda da ke, wallahi na yarda!"

"Da gorar ka yarda, Dogo."

Idanunsa suka ciko. Nawa ma sun ciko, don har yanzu ina son dogon banzan nan, kuma abin da ya fi ƙona min rai kenan. Na sa hannu na zare gorar daga nasa, na mayar da ita cikin jakata na ja zif.

"Akwai famfo a bakin ƙofa," na ce. "Ruwansa ma da sanyi."