Akushin Ya Kellu

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran magariba, awaki na shigowa gida. Ya dira kan butar Abatcha yana tsakar alwala, ta dare biyu. Ya ɗaga kai. Babu kowa a bayan danga, ko kaza ba ta motsa ba.

Shekarar fara ce, gero ya yi wuya a Gure, amma rumbun Abatcha bai san da zancen ba, don rumfarsa ta kanwa da dabino tana ci a kasuwa. Mutum ne mai ibada, kowa ya shaida, shi ma ya shaida wa kansa. Sahun gaba nasa ne, Litinin da Alhamis bakinsa a rufe da azumi. In wani ya yi kuskure a salla, Abatcha zai ji, ko da yana cikin tasa.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Abatcha ya tsaya tsakar gida ya ja Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Da ya yi tuntuɓe a tsakiya, wata murya daga gindin rumbu ta ɗora masa, a hankali, kamar malami da ɗalibi. Wannan ya fi jifan ci masa rai. Ga gardin kumandan can, dogarin Baturen mulki, ko alƙibla bai sani ba, yana cin tuwonsa lafiya. Shi da goshinsa ya yi baƙi don sujada, shi ake jifa.

Ran kwana na bakwai 'yarsa Zaliha ta faɗi a bakin murhu. Ta daina ci, ta daina magana, idonta na kan danga. Kwana uku tana haka, wuyanta ya zama kamar kara. Sannan Abatcha ya haɗiye girman kai ya aika ƙauyen Gamu aka ɗauko Malam Ibram, tsohon da ya san sha'anin mutanen ɓoye.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Bai ƙona turare ko wani magani ba. Ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can bakin Zaliha ya buɗe, muryar dattijo ta yi sallama.

Malam ya amsa, ya ce, "Ashe Musulmi ne kai. Me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

"Tambayi ubanta, ina kafar da ke jikin dangar nan?"

Tun zamanin mahaifin Abatcha akwai kafa a dangar, ta nan ake miƙa akushin tuwo kowace magariba ga maƙwabciyarsu Ya Kellu, tsohuwa makauniya da ba ta da kowa. Wata biyu da suka wuce ya ji tana salla, Fatiha a karkace, rabin addu'ar da Barbarci. Ya sa aka toshe kafar da ƙaya, ya ce ba za ta ƙara cin hatsinsa ba sai ta gyara. Ita kuwa ko gaya mata bai yi ba.

"Addini nake karewa," in ji Abatcha.

"Shekara arba'in ina zaune a tokar murhunta," muryar ta ce. "Yanzu tafasa take dafawa ba gishiri. Kai kana ƙoshi, kana ƙirga mata wasula. Wannan ne mumini, Malam?"

"Wanda ya kwana da ƙoshi maƙwabcinsa na jin yunwa, imaninsa da saura," in ji Malam Ibram. "Amma kai ma ka yi zalunci. Yarinyar me ta yi? Fita."

"Zan fita in ya bar sahun gaba kwana arba'in."

"Ba a hana bawa salla. Nemi wani abu."

Sai muryar ta ce:

"To ya kai akushin da hannunsa. Ba ta kafa ba, ta ƙofa, mutane na gani."

Abatcha ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi wuyan 'yarsa, ya ce ya yarda. Zaliha ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Bai jira safiya ba. Ya ɗauki akushin ya fita, masu dawowa daga masallaci na kallonsa, haushi da kunya sun cika masa ciki. A hanya yana ta shirya wa'azin da zai yi mata, don kada a ce ya sauko a banza.

Ya Kellu ta gane takunsa.

"Abatcha, ɗana, kai ne da kanka? Da na ji shiru na ce fara ta gama da ku, kunya ta hana ka faɗa." Ta lalubo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo masa. Gero ne, bai cika tafi biyu ba. "Na roƙo a gari. Kai wa Zaliha, na ji ba ta da lafiya."

Ya durƙusa da akushi a hannu ɗaya, ƙullin a ɗaya, ya nemi wa'azin ya rasa.